Ciwon Shanyewar Ɓarin Jiki Da Maganinsa

A ƙasarmu ta Balan, da sauran garuruwan Gaya da Ajingi, da wuya a sami wanda bai taɓa ganin mai shanyewar ɓarin jiki ba. Jiya mutum yana gona da fartanyarsa. Yau ga shi kwance, hannu ɗaya da ƙafa ɗaya sun ƙi motsi, baki ya karkace, magana ba ta fita. Waɗansu su ce iska ce ta buge shi, waɗansu su ce jifa ne. Sai a yi ta hayaƙi da shafe-shafe har kwana uku, sa'an nan a tuna da asibiti. Kafin a kai shi ɓarna ta riga ta yi nisa.

Mun rubuta wannan darasi domin mu san abin da ke faruwa a jikin mutumin nan, da yadda za mu gane ciwon da wuri, da abin da likita ya ke yi a kansa. Ku karanta a hankali. In kun koma gida ku karanta wa waɗanda ba su shigo aji ba tukuna.

Zuciya Da Jini Da Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa aikin lambu ya san injin ban ruwa. Inji ya jawo ruwa, ya tura shi cikin tiyo, tiyo ya kai shi kowane fangali. Fangalin da ruwa ya daina isa gare shi, shukarsa ta yi yaushi, in an daɗe ta mutu.

To, haka jikinmu ya ke. Zuciya ita ce inji. Jijiyoyin jini su ne tiyo. Jini kuwa shi ke ɗaukar abinci da iskar da mu ke shaƙa, ya raba wa kowace gaɓa. Wani likitan Ingila mai suna William Harvey ne ya bayyana wannan zagayawar jini a 1628.

Ƙwaƙwalwa tana cikin gaɓoɓin jiki masu kwaɗayin jini ƙwarai. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ya ɗauko. Kuma ba ta da rumbun ajiya. In jini ya yanke mata na 'yan mintoci kaɗan, wurin da ya yanke ya soma mutuwa.

Ƙwaƙwalwa ita ce sarkin jiki. Daga gare ta umurni ke fita zuwa hannu da ƙafa da harshe da ido. Kowane sashe nata da aikinsa. Wani abin mamaki shi ne, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin ɓarin jiki na dama, ɓangaren dama kuma ke mulkin na hagu. Ga yawancin mutane wurin magana yana ɓangaren hagu. Shi ya sa za ku ga wanda hannunsa na dama ya shanye sau da yawa magana ma ta kan gagare shi.

Ashe ke nan hannun da ya shanye lafiyarsa lau. Ciwon yana can cikin kai. Mai shafa magani a hannu kamar mai zuba taki ne a fangali alhali tiyo ne ya toshe.

Toshewa Da Fashewa

Hanya biyu ce jini ke yanke wa ƙwaƙwalwa.

Ta fari ita ce toshewa. Da shekaru, maiƙo ya kan taru a bangon jijiya daga ciki, hanya ta yi ta ƙuntata. Ran nan sai gudan jini ya daskare a wurin, ya rufe ta sarai. Wani lokaci kuma gudan jinin a zuciya ya ke haɗuwa, jini ya kwaso shi ya kai shi kai, ya maƙale a wata siririyar jijiya.

Ta biyu ita ce fashewa. Jijiya ta gaji da ƙarfin jini ta tsage, jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa ya danne ta. Wani likitan ƙasar Suwizalan mai suna Wepfer ya nuna haka a 1658, bayan ya duba kawunan waɗanda ciwon ya kashe. Fashewa ta fi saurin kisa.

Ku riƙe wannan da kyau: daga waje iri biyun nan kama ɗaya su ke, amma maganinsu dabam dabam ne. Maganin da ke taimakon mai toshewa yana iya hallaka mai fashewa.

Me Ke Kawo Shi?

Likitocin Nijeriya da na Gana sun yi wani babban bincike mai suna SIREN. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna cikin wuraren da aka yi shi. Sun duba mutum fiye da 2,000 masu wannan ciwo, suka gwada su da masu lafiya sa'o'insu, suka buga sakamako a 2018. Sun tarar kusan ɗaya cikin uku na majinyatan fashewa ce ta same su, sauran kuwa toshewa. Sun kuma tarar hawan jini shi ne uban tafiya, gama wajen kashi 9 cikin 10 na ciwon yana da hannu a ciki.

Mene ne hawan jini? Ku tuna da inji da tiyo. In inji yana turo ruwa da ƙarfin da ya wuce kima dare da rana, tiyo zai yi rauni, wata rana ya fashe. Malamin asibiti yana auna ƙarfin jini da wani abu da a ke ɗaura wa mutum a damtse. Awon lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa. In an auna a ranaku dabam dabam aka ga ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, to, mutum yana da hawan jini.

Mugun halin hawan jini shi ne ba ya sallama. Mun saba cewa jiki magayi, amma a nan jiki ba ya faɗa. Mutum zai yi shekara goma da shi yana noma, yana cin kasuwa, bai ji ko ciwon kai ba. Awo kaɗai ke tona shi.

Bayan hawan jini akwai ciwon sukari, da yawan maiƙo a jini, da shan taba, da ƙiba ta tumbi, da yawan gishiri, da zama wuri ɗaya ba motsa jiki, da ciwon zuciya, musamman irin wanda bugunta ke rikicewa. Binciken nan ya nuna kuma masu cin ganye kullum ba su cika kamuwa kamar waɗanda ba su ci ba. Tsufa yana ƙara hatsari, amma kada a ce ciwon tsofaffi ne kaɗai. A ƙasashenmu yana kama magidanta 'yan shekara 40 da 50 masu ƙananan yara. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya, cikin kowane mutum huɗu da suka wuce shekara 25, ɗaya zai gamu da shi a rayuwarsa.

Wannan ciwo ba a ɗaukarsa. Ku ci abinci tare da majinyaci, ku zauna kusa da shi, babu abin da zai same ku.

Yadda Za Mu Gane Shi

Babbar alamarsa ita ce farat ɗaya ya ke zuwa. Ana zaune lafiya sai a ga abu ya sāke. Akwai gwaji uku da kowa zai iya yi, ko yaro ɗan makaranta.

A ce wani dattijo ya dawo daga masallaci, yana shan fura sai ludayi ya faɗi daga hannunsa. Ɗansa ya matso ya ce, "Baba, yi mini murmushi in gani." In gefe ɗaya na baki ya zube, alama ta fari ke nan. Sa'an nan ya ce, "Baba, ɗaga hannuwanka duka biyu." In ɗaya ya ƙi tashi, ko ya tashi ya sulale ƙasa, alama ta biyu ke nan. Kāna ya ce, "Baba, faɗi sunan garinmu." In magana ta fito a laƙwame kamar harshe ya yi nauyi, ko ya faɗi abin da ba shi aka tambaya ba, ko ya yi shiru yana kallo, alama ta uku ke nan.

Ko guda ɗaya aka gani cikin ukun nan ta isa. Sai asibiti.

Akwai waɗansu alamu kuma: ido ɗaya ya daina gani nan take, ko a riƙa ganin abu biyu biyu, jiri mai tsanani da tangaɗi, ɓarin jiki ya mutu kamar an danne shi cikin barci, ciwon kai mai zafin da mutum bai taɓa jin irinsa ba, tare da amai, ko suma.

Abin Da Za A Yi Nan Take

1. A duba agogo ko waya, a riƙe lokacin da abin ya fara. In babu agogo a lura da salla: kafin azahar ne ko bayan la'asar? In mutum ya farka barci da shi, a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe. Likita zai tambaya.

2. A kwantar da shi a gefensa, a ɗan tada kansa, a sassauta masa riga. Kwanciyar gefe tana hana amai da yawu komawa huhu.

3. Kada a ɗura masa kome a baki, ko ruwa, ko kunu, ko jiƙo, ko rubutu. Maƙogwaronsa ma yana iya shanyewa. Abin da aka ɗura sai ya bi hanyar iska ya sauka huhu, ya jawo ciwon huhu mai kisa.

4. Kada a ba shi asfirin, kada kuma a ƙara masa ƙwayar hawan jini don a ga jini ya sauka da sauri. Wannan aikin likita ne.

5. Kada a tsaya ƙaho, ko tsaga, ko hayaƙi. Jinin da wanzami zai fitar a ƙeya ba shi ne ya toshe cikin kai ba.

6. A nemi mota, kada a ɗora shi a babur. A tafi da wanda ya ga farkon abin, da katinsa na asibiti, da duk magungunan da ya ke sha.

Addu'a ba ta hana tafiya. A yi ta a cikin mota, a yi ta a bakin gado.

Don me mu ke ta cewa a yi sauri? Domin masana sun lissafta cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa a kowane minti. Wanda ya mutu ba ya dawowa. Amma kewaye da wurin da ya mutu akwai wurin da ya yi yaushi kawai, kamar shukar da ta kwana biyu ba ruwa. Wannan shi a ke tseren ceto.

Daga wajenmu, a fara da babban asibiti mafi kusa, kamar na Gaya. In sun ga abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda a wuce Kano ta Wudil, zuwa Asibitin Murtala Muhammad ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In an ce a wuce, a wuce a ranar. Kada a ce sai an koma gida an yi shawara.

Yadda Likita Ke Bincike

Da isa, za a auna jini da zafin jiki da bugun zuciya. Za a tsaga yatsa a auna sukari, gama in sukari ya faɗi ƙasa ƙwarai ya kan kawo alamu irin na shanyewa, kuma wannan ana warkar da shi nan da nan. Akwai waɗansu cututtuka da su ma su kan yi kama da shi, kamar sanƙarau, da farfaɗiya, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da ƙari a ƙwaƙwalwa, da wata karkacewar fuska da ke tsayawa a fuska kaɗai. Likita ne zai rarrabe.

Sa'an nan zai gwada ƙarfin hannu da ƙafa, ya haska ido, ya sa majinyaci magana, ya gwada ko yana iya haɗiya.

Babban gwaji shi ne hoton ƙwaƙwalwa da wata na'ura da a ke kira siti sikan. Mutum ya kwanta a gado, gadon ya shiga da kansa cikin wani zobe babba, cikin 'yan mintoci hoto ya fito. Ba zafi, ba yanka. Wani injiniyan Ingila mai suna Godfrey Hounsfield ne ya ƙago ta, aka fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a 1971. In jini ya zuba, ya kan fito fari fat a hoton. In ba a ga jini ba, likita ya san toshewa ya ke fuskanta. Akwai wata na'urar kuma mai aiki da maganaɗisu, wadda ta fi nuna ƙananan wurare. Irin waɗannan na'urori sai a manyan asibitocin birni, kuma hoton da kuɗi. Amma kuɗin nan ba asara ba ne, gama shi ke nuna wa likita hanyar da zai bi.

Ana kuma ɗaukar rubutun bugun zuciya, a ɗebi jini a duba maiƙo da lafiyar ƙoda, domin a gano tushen ciwon.

Magani A Asibiti

In toshewa ce, akwai allura mai narkar da gudan jini. An soma aiki da ita a Amurka a 1996. Sai dai ƙa'idarta a yi ta cikin awa 4 da rabi daga farawar ciwo, kuma sai hoto ya nuna babu zubar jini. Daga 2015 kuma aka tabbatar da amfanin wata dabara: a zura siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin kai, a jawo gudan jinin waje. Gaskiya ita ce waɗannan biyu suna da tsada, kuma asibitocin da ke yin su a ƙasarmu kaɗan ne ƙwarai.

Kada wannan ya karya mana zuciya. Abin da ya fi ceton rai a wurinmu shi ne kyakkyawar jinya ta kwanakin farko. Bayan hoto, a kan ba mai toshewa asfirin don hana wani gudan jini haɗuwa, da maganin rage maiƙo. Wanda bugun zuciyarsa ya rikice a kan ba shi maganin tsinka jini mai ƙarfi in lokaci ya yi. In fashewa ce, ba a ba da waɗannan. Sai a saukar da hawan jini da lura, wani lokaci kuma likitan tiyata ya buɗe kai ya rage abin da ya danne ƙwaƙwalwa.

Ko wane iri ne, za a kula da numfashi, a daidaita sukari, a sauke zazzaɓi, a sa ƙarin ruwa. Wanda ba ya iya haɗiya a kan zura masa siririyar roba ta hanci zuwa ciki, a riƙa ba shi kunu da madara ta nan. Waɗansu dangi su kan ƙi robar nan, su ce alamar mutuwa ce. Ba haka ba ne. Ita ke hana shi yunwa da ƙwarewa, kuma in haɗiya ta dawo sai a cire.

'Yan'uwan Wannan Ciwo

Akwai shanyewa mai wucewa. Hannu ya mutu ko magana ta ɗauke na minti goma ko ashirin, sa'an nan kome ya koma daidai. Mutane su ce gajiya ce, ko rana ce ta yi yawa. Wannan gargaɗi ne. Jijiya ce ta toshe ta buɗe, kuma babban yana iya biyowa cikin kwana biyu ko mako guda. A je asibiti a ranar, ko da mutum yana tafiya da ƙafarsa.

Akwai kumburin jijiya. Wani wuri a bangon jijiya ya yi laushi ya kumbura kamar ƙullutu a jikin tiyo. Ran da ya fashe, mutum zai ji kamar an sara masa gatari a ka, wuya ya ƙage. Wannan ma na gaggawa ne.

Mata masu ciki da masu jego suna da nasu hatsari. Hawan jini na ciki ya kan kawo kumburin fuska da hannu, da ciwon kai, da jijjiga, har ya kai ga fashewar jijiya. Bayan haihuwa kuma jini ya kan daskare a jijiyoyin da ke kwashe jini daga kai. Maijegon da ciwon kai ya matsa mata kwana da kwanaki, ko ta yi jijjiga, a kai ta asibiti. Likitocin Zariya tun wajen shekarun 1970 suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a ƙasar Hausa, suka kuma ja kunne game da yawan kunun kanwa, gama kanwa 'yar'uwar gishiri ce wajen tara ruwa a jiki da tada jini.

Sai yara masu sikila. Jininsu ya kan lanƙwashe kamar lauje, ya cushe a jijiya. In ba a yi rigakafi ba, wajen ɗaya cikin goma na irin yaran nan ya kan sami shanyewa kafin ya cika shekara 20. Akwai wata ƙaramar na'ura da a ke ɗora wa yaro a gefen kai, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba tare da allura ba. In gudun ya yi yawa, yaron yana cikin hatsari. Likitocin Kano da Kaduna, tare da abokan aikinsu na Amurka, sun gwada ba irin waɗannan yara wata ƙwaya mai suna haidiroksiyuriya kullum, suka buga sakamako a 2022, aka ga tana kare su. Saboda haka duk mai ɗa ko 'ya mai sikila, daga shekara 2 zuwa 16, ya tambayi wannan awo a asibitin da a ke duba yaron, sau ɗaya a shekara.

Akwai kuma tsohon da ƙananan jijiyoyinsa ke toshewa kaɗan kaɗan ba a sani ba. Sai a ga mantuwa ta yi masa yawa, tafiya ta zama ja da ƙafa. Wannan ma yawanci aikin hawan jini ne da aka bari.

Jinya A Gida

In an sallamo majinyaci, aiki ya dawo hannun iyali. Ga abin da ya wajaba.

A riƙa juya shi kowace awa 2, dama da hagu, dare da rana in ba ya iya juyawa da kansa. A tsare shimfiɗa a bushe, a duba ɗuwawu da dunduniya da kafaɗa kullum. In an ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu, gyambo ne ke shirin fitowa.

Wajen cin abinci a zaunar da shi sosai. A ba shi abu mai kauri, kamar kunu mai kauri ko tuwo mai laushi da miya, da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye. In yana tari ko muryarsa ta sāke bayan haɗiya, a dakata a gaya wa malamin asibiti. Bayan ci a wanke masa baki, kada a kwantar da shi nan da nan.

Kada a ja shi ta hannun da ya shanye in za a tashe shi, gama kafaɗa za ta goce. A tallafe hannun da matashi.

A asibiti akwai masu aikin gashi, waɗanda ke koya wa gaɓoɓi motsi. Ku roƙe su su nuna muku yadda a ke miƙe hannu da ƙafa a lanƙwasa, ku riƙa yi masa safe da yamma. Daga kwanciya a koma zama, daga zama a koma tsayuwa, daga tsayuwa a soma taku da sanda. A bar shi ya yi abin da zai iya da kansa, ko da zai daɗe. Tausayin da ke hana shi motsi cuta ne. Ƙwaƙwalwa tana iya koya wa sassan da suka tsira aikin waɗanda suka mutu, amma sai da maimaici, kamar yadda mu ke koyon baƙaƙe a aji. Sauƙi ya fi yawa a wata uku zuwa shida na farko, ko da ya ke ya kan ci gaba bayan haka. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda magana ta gagare shi bai haukace ba. Sau da yawa yana jin duk abin da a ke faɗa. A yi masa magana a hankali, da gajerun kalmomi, a ba shi lokaci ya amsa. Kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Majinyaci ya kan yi baƙin ciki, ko kuka ba dalili. A fito da shi zaure ko inuwa cikin mutane, a riƙa shawara da shi a kan gona da gida. In baƙin cikin ya daɗe a gaya wa likita, akwai magani. Masu jinya kuma su riƙa karɓa-karɓa, kada a bar wa mace ɗaya dukan nauyi.

Abu mafi girma shi ne magani. Wanda ciwon ya taɓa kamawa yana iya sāke kama shi. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da za a sha kwana uku a bari. Kullum ne, har iyakar rai. In awo ya yi kyau, maganin ne ya yi aiki, in an daina jini zai koma ya hau. In azumi ya gabato a tambayi likita yadda za a shirya lokacin sha.

Rigakafi Ya Fi Magani

Duk baligi ya je a auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara, a ɗakin shan magani na garinsu. Awon bai fi minti biyar ba. Wanda aka ce yana da hawan jini ko sukari ya riƙe maganinsa, ya riƙa komawa ranar da aka sa masa.

A rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk da na cikin miya. Dunƙulen miya na kanti yawancinsa gishiri ne. Uwargida ta rage shi, ta ƙara daddawa da albasa da citta. A rage kanwa. A daina barbaɗa gishiri bisa abincin da aka riga aka dafa.

A yawaita ganye. Allah ya hore mana zogale da rama da alayyafo da yakuwa da tafasa da kuka. A bar taba. Wanda ya bar noma ya koma zaman shago ya riƙa tafiya da ƙafa kamar rabin awa kullum. Mai ciki ta je awo tun da wuri. Masu niyyar aure su yi gwajin jini don sikila. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024.

Akwai kuma aikin gayya. Kowace unguwa, daga Balan zuwa Kademi da Shagogo, daga Toranke zuwa Balare da Gafasa, ta san direban da za a buga wa waya da tsakar dare. A rubuta lambarsa a bangon zaure. A yi ɗan asusu na gaggawa kamar adashi, don kada neman kuɗin mota ya cinye awoyin da a ke bukata. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da wannan ciwo a duniya. Ajinmu yana iya roƙon malamin asibiti ya zo ranar ya auna jinin kowa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye mu baki ɗaya.

Tambayoyi

1. A ina ainihin ciwon ya ke, a hannu ko a kai?
2. Faɗi hanya biyu da jini ke yanke wa ƙwaƙwalwa.
3. Waɗanne gwaji uku ne za ka yi wa wanda ka ke zato?
4. Don me ba a ɗura wa majinyaci ruwa ko jiƙo?
5. Wace lamba ce ke nuna hawan jini?
6. In alamu sun zo sun wuce cikin minti goma, me za a yi?
7. Rubuta a littafinka ranar da aka auna jininka ta ƙarshe. In ba a taɓa ba, rubuta ranar da za ka je.